Farfaɗo da Tsohuwar Fijo 504: Fa'idodi da Illoli

A garuruwan Ƙauran Namoda, Shinkafi, Jangeru da Zurmi, ba wuya mutum ya ci karo da tsohuwar Fijo 504 a yashe bayan gida ko a gefen garejin bakanike, tayoyi sun sace, tsatsa na cin ƙofofi. Magada kan rabu biyu a kanta: wasu su ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, wasu su ce a tashe ta. Ina tare da masu cewa a tashe ta, amma da sharaɗi.

Motar tana da asali. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, shekarar da aka fitar da samfurinta mai ƙofa biyu, zanen kamfanin Pininfarina na Italiya. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya cinye ta da mai ƙofa biyun. A 1975 ɗin ne kuma masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, 504 ta zama motar ofis ta manyan ma'aikata, aka ci gaba da ƙera ta a can har bayan shekarar 2000, Turai ta daɗe da dainawa.

A nan babbar fa'idar take. Sau da yawa 504 da ta kai yau ta bi hannaye: daga ma'aikatar gwamnati zuwa gwanjo, daga gwanjo zuwa gidan wani alhaji, daga nan ta faɗa tasha tana jigilar fasinja da buhunan gero zuwa kasuwar Shinkafi. Wanda ya adana ta tare da takardunta, lambarta ta farko da rasidin kowane ciniki, ya adana wani yanki na tarihin gidansu da na lokacin da Arewa ke da masana'antu masu hayaƙi. Mu mutane ne masu riƙe sunayen kakanni bakwai a ka, amma mu bar takardun motar uba gara ta cinye. Wannan yana ba ni takaici.

Sai kuma sana'a. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta a ciki, bakanike da sifana da kunne mai kyau zai gano ciwonta. Aikin mota ɗaya yana ciyar da mai walda, mai fenti, mai ɗinkin kujeru da mai waya, yaran gareji kuma su koyi aikin tun daga tushe wajen dattawan da suka fara ƙarewa. Ga tsayi daga ƙasa da jure gargada, abin da hanyoyinmu suke bukata.

To amma aljihu fa? Gyaran tsohuwar mota rijiya ce gaba dubu. Ka kwance injin ka tarar lagireto ya ruɓe, ka gyara shi giya ta ƙi shiga. Kayan gyara na asali sun yi ƙaranci, sai an je Kofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, can ma jabu ya cakuɗe da na gaske. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin lissafi a kowane gida. Da wuya wanda ya gyara ya mayar da kuɗinsa idan ya tashi sayarwa a nan.

Illar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta rai. Motar ba ta da jakar iskar da ke tare direba a hatsari, birkinta na da ne, kuma ƙarfen da ya shekara 40 yana iya yin kyau a ido alhali sasi ya cinye ta ciki. Mai fenti marar tsoron Allah zai cike ramukan ya shafe, mai saye bai sani ba. Ban da haka, kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suke ciki saboda 'yan bindiga. Motar da za ta iya mutuwa a tsakiyar daji da la'asar bai kamata a ɗora mata iyali ba.

Akwai kuma gyaran da yake ɓarna ne: a jefar da injin asali a sa na wata mota, a sauya launi, a cire tambarin zaki. Darajar tsohuwar mota tana cikin asalinta: Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsasanta, kuma da an toshe su da darajarta ta tafi.

Saboda haka, mai 504 a gida ya fara neman takardunta, ya sa bakaniken da ya yarda da shi ya duba sasi. In ƙashin bayanta lafiya kuma yana da rarar kuɗi, ya tashe ta yadda Kaduna ta fitar da ita, ya riƙa hawa cikin gari. In sasi ya tafi, ya sayar wa masu gyara da kayanta, kada ya sa ta a layin tasha.