Labarin wasu ƙasashe: Mawaƙan ƙaramin zaure a Amurka

In an ce waƙar Amurka, abin da ke zuwa ga ran mutane shi ne babban fili, da fitilu, da dubban jama'a suna ihu. Amma akwai wasu mawaƙa can da ba haka suke sana'arsu ba. Mutum guda ne da gitar ɗinsa, zaune bisa kujera cikin ɗan ƙaramin zaure. Shi ya tsara waƙar, shi ke kiɗa, shi ke rerawa. Labarinsu ne cikin filin wannan wata.

Kiɗan da suke yi ana ce da shi kantiri, wato kiɗan mutanen karkara. Ya taso daga kudancin Amurka, wajen manoma da makiyaya da masu haƙar gawayin ƙasa. Cikin kayan kiɗan akwai banjo, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka fara ƙerawa can. Farkonsa ƙwarya ce da fata da tsarkiya, kamar gurmi.

Da tafiya ta yi tafiya, kantiri ya zama babban ciniki a birnin Nashbil, cikin jihar Tenesi. Manyan kamfanonin faifai suna son waƙa mai santsi, mai kayan kiɗa da yawa, wadda radiyo zai saka. Wasu mawaƙa suka ƙi bin wannan hanya, suka riƙe magana mai nauyi da kiɗa kaɗan. Daga wajen shekara ta 1990 aka riƙa ce da irin nasu kantirin gefe. Ƙananan zaurukan shan shayi da na hira su ne dandalinsu.

Ga misalin John Prine. Mai raba wasiƙu ne a gefen birnin Shikago. Yana tafe da jakar wasiƙu yana tsara baitoci cikin kansa. Cikin shekara ta 1970 ya fara waƙa a wani ɗan zaure mai suna Fifth Peg. Bai wasa sarki ba, bai wasa mai kuɗɗi ba. Ya yi waƙar sojan da ya komo daga yaƙi ya faɗa shan ƙwaya. Ya yi ta tsofaffin da ɗiyansu suka watse suka bar su cikin kaɗaici. Ya yi ta garin iyayensa a Kentaki, wanda haƙar gawayi ta tada. Wani ɗan jarida, Roger Ebert, ya shiga zauren ya ji shi, ya rubuta labarinsa. Cikin 1971 faifansa na farko ya fito.

Na biyu shi ne Townes Van Zandt, mutumin jihar Tekzas. Cikin watan Yuli na 1973 ya yi dare biyar yana waƙa a zauren Old Quarter, a birnin Hiyustan. In mutum ɗari sun shiga wurin, ya cika maƙil. Ba shi da ƴan amshi, ba shi da makaɗa. Aka ɗauki muryarsa da ɗan ƙaramin inji, faifan bai fito ba sai cikin 1977. Har yau masana waƙa suna lissafa shi cikin mafi kyawun aikinsa.

Zauren da ya fi suna ga wannan sana'a shi ne Bluebird Cafe, a Nashbil. Wata mata, Amy Kurland, ta buɗe shi cikin 1982. Kujerunsa 90 ne kawai. Ga yadda ake yi: mawaƙa uku ko huɗu su zauna tsakiyar ɗaki suna fuskantar juna, jama'a ta kewaye su. Na farko ya faɗi dalilin da ya sa ya yi waƙarsa, ya rera, ya bar wa na kusa da shi. Haka za a yi ta zagayawa. Kowace Litinin kuma ana ba sabbin shiga fili su gwada sa'arsu.

Dokar gidan guda ce: shiru. Wanda ya kama surutu ana waƙa, sai a tsawata mashi, ko shi wane ne. Dalili kuwa a fili yake. Waƙar da ƙarfinta ke cikin magana ba ta jure hayaniya. In baiti guda ya wuce kunne, labarin ya yanke. Shi ma mawaƙin ƙaramin zaure makarantarsa ce. Yana ganin fuskar kowa. In baiti bai yi ba, nan take zai gane, ya koma gida ya gyara. Babban fili ba ya koya wa mutum wannan.

Ranar 13 ga Satumba 1995, Townes ya zauna a wannan zaure tare da abokansa Guy Clark da Steve Earle. Kuɗɗin da aka tara a daren an ba da su ga wani asibitin haƙori na marasa ƙarfi. A nan kuma aka ji Taylor Swift cikin 2004, tana ƴar shekara 14, tun duniya ba ta san ta ba. Cikin 2008 mai gidan ta miƙa shi ga ƙungiyar masu tsara waƙa ta Nashbil.

Sai dai sana'ar ba ta da sauƙi. Abin da mutum casa'in za su biya bai taka kara ya karya ba. Townes ya yi shekaru yana yawo gari gari, giya kuma ta ci lafiyarsa. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1997, yana da shekara 52. Cikin 2020 annobar korona ta rufe zaurukan wata da watanni, ita ce kuma ta yi ajalin John Prine.

To, me ke riƙe da irin waɗannan mutane? Rubutu. Kowace waƙa an rubuta ta da sunan mai ita. Cikin 1983 manyan mawaƙa biyu, Willie Nelson da Merle Haggard, suka rera waƙar Townes mai suna Pancho and Lefty, ta zo ta ɗaya cikin waƙoƙin kantiri. Tun da takarda ta nuna tashi ce, rabonsa ya isko shi. In ba don haka ba, da an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi.

Mai karatu zai tuna da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda shi kaɗai da kuntiginsa ya yi waƙar karen mota da sauran talakawa. Cikin garuruwa da ƙauyuka akwai masu gurmi da molo da ba a san su ba. Abu biyu suke bukata. Na farko, a saurare su da natsuwa in sun zauna dandali. Na biyu, wanda ya iya karatu ya rubuta masu waƙoƙinsu, da sunansu da ranar da aka yi. A Yamai akwai ofishin BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha. Waƙar da ke bisa takarda ba a ƙwace ta da baki.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.