Rabin Wilson ake hardace wa ƴaƴanmu

Daren jiya ɗiyata mai shirin jarrabawar BEPC ta miƙo mini littafinta in saurari hardarta. Ta zubo shi tas: Woodrow Wilson, shugaban Amurka daga 1913 zuwa 1921, ya shigar da ƙasarsa yaƙin duniya na farko a 1917, ya fito da manufofi 14 na zaman lafiya a Janairun 1918, shi ne uban ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Shi ne ma abin da ya ɓata mini rai.

Malamai, ina sauran mutumin? Wilson ɗin nan dai, a zamaninsa ne aka raba baƙi da farare a ofisoshin gwamnatin tarayya, har wurin cin abinci da makewayi. A 1915 aka nuna fim mai yabon ƴan Ku Klux Klan a cikin fadarsa. Matan da suka tsaya ƙofar fadar suna neman ƴancin zaɓe a 1917, kurkuku aka kai su. Sai 1920 suka samu, kuma da guminsu. A taron Paris na 1919 Japan ta nemi a rubuta cewa duk launin fata ɗaya ne a gaban doka. Mafi yawan wakilai suka yarda. Wilson, da yake shi ke jan zaman, ya ce sai kowa da kowa ya amince, magana ta mutu.

Na tambaye ta: to a shekarun nan me ake ciki a ƙasarmu? Shiru.

Yarinyar da aka haifa a Ƙonni ke nan, garin da Voulet da Chanoine suka ƙona a 1899, shekara 15 kacal kafin yaƙin. Ba ta haɗa ba cewa lokacin da Wilson ke shirin shiga yaƙi, Kaosan na kewaye da barikin Faransawa a Agadas, daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917, kuma da suka karɓe garin har malamai suka yanka. A 1918, shekarar manufofin nan 14, Blaise Diagne na yawo a yammacin Afirka yana kwasar samari zuwa bakin daga. Da aka gama, Togo da Kamaru Faransa da Ingila suka raba kamar naman watanda. Aikin tilas kuwa bai bar wuyan kakanninmu ba sai 1946.

Na san amsar da za a ba ni: manhaja ce, lokaci kaɗan ne, yara sun yi yawa a aji, kuma mai gyaran takarda abin da ke littafi yake nema. Na yarda. Amma minti nawa zai ci a ce wa yaro alkawarin nan bai ƙetaro teku ba? Wanda ya iya hardace abu 14 zai iya ɗaukar na 15.

Mu iyaye ma ba mu kuɓuta ba. Ni kaina sai jiya na tambaya. Ran Juma'a zan kai ta wurin kakata a bayan kasuwa, da alƙalami da takarda, tun tsohuwar na iya tuna abin da uwarta ta gaya mata.