Sankarar jini: ilmi ya buɗe ƙofa, saura namu ƙoƙarin

A cikin ɓargon ƙashin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyi na asali waɗanda daga gare su jini yake fitowa: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙar cuta, da ƙananan da ke tsayar da zubar jini. Abin da ke raba wa kowace ƙwaya aikinta wasu furotin ne masu kunna ƙwayoyin gado ko su kashe su, kamar makunnin fitila. Misali, wanda ake kira GATA1 shi ke tura ƙwaya ta zama ja, PU.1 kuma ya tura ta wajen farare. Idan makunni ya lalace, sai ƙwayoyin su tsaya ba su nuna ba, su yi ta yawa har su cika ɓargo. Yawancin sankarar jini mai saurin kisa daga nan take tasowa.

Jama'armu da suka daɗe a Villeurbanne, Liyon da Paris ya kamata su san cewa a nan Faransa aka warware ɗaya daga cikin manyan sirrin wannan cuta. Akwai wani nau'inta da likitoci ke kira APL, wanda a da yakan kashe mutum cikin 'yan makonni saboda zubar jini. A 1988 Farfesa Wang Zhenyi na birnin Shanghai ya bayyana cewa wani magani dangin bitamin A yana sa ƙwayoyin da suka tsaya su ƙarasa nuna. Farfesa Laurent Degos na asibitin Saint-Louis da ke Paris ya tabbatar da haka a kan majinyatansa. A 1990 kuma Hugues de Thé da Anne Dejean na cibiyar Pasteur suka gano dalili: kuromosom na 15 da na 17 ne suke musayar ɓangare, sai a samu gurɓataccen makunni da ke hana ƙwaya girma. Daga baya aka haɗa maganin da sinadarin asinik, kuma binciken likitocin Italiya da Jamus na 2013 ya nuna fiye da tara cikin goma na majinyatan da cutarsu ba ta yi tsanani ba suna warkewa.

Wannan ya isa ya nuna mana cewa sankarar jini cuta ce mai sanadi, ba sammu ba ce. Abin takaici, har yanzu wasu iyalanmu kan ɓoye mara lafiya, ko su jinkirta zuwa asibiti duk da ganin gajiya mai yawa, zazzaɓi mai dawowa, zubar jini a dasashi ko tabo a fata ba tare da buguwa ba. Gwajin jini ɗaya ya isa likita ya fara gano inda matsalar take.

Sai dai ba kowane nau'i ke jin wannan magani ba. Wasu majinyata sai an yi musu dashen ɓargo, kuma damar da ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya yake da ita ta dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Idan ba a samu a gida ba, sai a duba rajistar masu bayarwa, inda dacewa ta fi yiwuwa tsakanin mutane masu asali ɗaya. 'Yan asalin Afirka kuwa ba su da yawa a cikinta, don haka ɗanmu ne ya fi daɗewa yana jira.

Muna kira ga matasanmu masu shekara 18 zuwa 35 da su yi rajista a hukumar Agence de la biomédecine. Kyauta ne, da yawu kawai ake gwajin farko, kuma mafi yawan lokuta ta jijiyar hannu ake ɗibar ƙwayoyin. Iyaye da shugabannin ƙungiyoyinmu su ba su goyon baya, su kuma kawo maganar a tarukansu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.