Sharhi: Kifinmu Na Tafiya Kudu, Yaranmu Na Shan Zaƙi



Wani zai ce, ana fama da tamowa wa yake ta ƙiba? Yana da hujja. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a lokacin babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa in uwa ta ga ɗanta ya yi ɓul-ɓul, kumatu sun cika, sai hankalinta ya kwanta, maƙwabta su ce masha Allah, yaro ya murje.

To amma likitoci sun daɗe da gano cewa yaron da ya tsumbure tun yana ƙarami, in aka zo daga baya ana ɗura masa zaƙi da maiƙo, jikinsa kan yi saurin tara kitse, kuma ciwon suga da hawan jini sun fi saurin kama shi idan ya girma. Tamowa da teɓa tushensu ɗaya ne: abincin da ke cika ciki ba ya gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, daga shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙima, kuma matsalar ta daina zama ta ƙasashen masu kuɗi kaɗai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu maganin yana ƙofar gidanmu. Je ka kasuwar Yelwan Yauri ka tsaya. Ga bandar kifi ana jera ta a kwali, ana ɗaurewa da igiya, ana lodawa a mota sai kudu. Ga kifin warangi an shanya, ga albasar Gungawa buhu kan buhu. Magidanci ya sayar da wannan duka, ya karɓi kuɗinsa, a hanyar gida ya tsaya shago ya saya wa yara taliyar leda da biskit da lemon kwalba, yana ganin gata ya yi musu. Alhali ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta cokali tara a kofin kunu? Warangin nan kuwa da ake rainawa, a daka shi da ƙashinsa a zuba a miyar kuka ko faten wake, ya fi wa yaro amfani nesa ba kusa ba.

Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira goma a kan kowace litar lemon zaƙi. A ganina naira goma ba ta hana kowa sha. Hanin gaskiya yana hannun mai ba yaro kuɗin tara. Ƙosai, alale, gyaɗa, dafaffen dankali da kwaɗon zogale duk suna nan, kuma jariri a bar shi da nonon uwa zalla har wata shida.

Sai motsa jiki. Yaron Wara ko na ƙauyukan Shanga da ke bin babansa su ko gona, nasa da sauƙi. Ƙasar Yauri da ke alfahari da bikin Rigata, inda samari ke tseren kwale-kwale da iyo, ba a koya mata motsi. Damuwata ɗan cikin gari ne: acaba ya kai shi boko, acaba ya dawo da shi, ya wuce Islamiyya ya zauna, da dare ya rungumi wayar uwarsa. 'Yan mata sun fi cutuwa, don da zarar sun fara tasawa sai a hana su ko da 'yar gala-gala a tsakar gida. Masana sun ce aƙalla awa ɗaya kullum yaro ya yi wasan da zai sa shi gumi. Ba cewa na yi a sake su su faɗa tafki ba, ga tsargiya ga haɗarin nutsewa. Langa da ƙwallo da tsallen igiya sun wadatar.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun Yauri, Ngaski da Shanga su daina cinye lokacin wasa da ƙarin darasi, su kuma leƙa tiren masu talla a bakin ƙofa su ga abin da ake sayar wa ɗalibansu. Iyaye mata kuma, in an je awo, a roƙi ma'aikaciyar asibiti ta auna tsawon yaro tare da nauyinsa, ta faɗi ko sun dace da shekarunsa.