Mai Tabon Satar Amsa Da Karatun Likitan Haƙori

Akwai wata tambaya da ya kamata shugabannin jami'o'inmu su zauna su amsa ta a fili. Yaron da aka taɓa kamawa da satar amsa, aka soke sakamakonsa ko aka dakatar da shi, in ya dawo bayan shekaru yana neman karatun likitan haƙori, a karɓe shi ko a kore shi? A ganinmu, a saurare shi in ya faɗi laifinsa da bakinsa, a kuma rufe masa ƙofa in ya ɓoye.

Magudin jarrabawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Manya ba su manta da abin kunyar 1977 ba, lokacin da takardun jarrabawar WAEC suka bazu a hannun yara tun kafin ranar zama. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi. Dokar 1999 kuwa ta yanka wa wanda bai kai shekara 18 ba tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Abin lura a nan shi ne, ita kanta doka ta sa wa hukunci iyaka, ba ta ce mai laifi ya mutu da laifinsa ba.

Amma fa masu cewa a yi hattara suna da hujja mai ƙarfi. Mai ciwon haƙori baki kawai yake buɗewa, ba ya ganin abin da ake yi masa. Likitan ne kaɗai ya san ko ya tsabtace kayan aikinsa, ko haƙorin da ya cire shi ne mai ciwon, ko allurar kashe zafin da ya yi ta wuce kima. Aikin duka amana ne. Saboda haka tilas makarantar da za ta horar da mutum shekara 6 ta san halinsa tun daga bakin ƙofa.

A Amurka, takardar da ake cikewa don neman makarantun haƙori tana tambayar mutum kai tsaye ko wata makaranta ta taɓa horonsa saboda laifi, ta kuma ba shi fili ya yi bayani. Amsa laifin ba ta hana a duba takardarsa. Wanda aka gano ya yi ƙarya kuwa, ana iya janye gurbin da aka ba shi. Wannan tsari abin koyi ne, domin yana gwada gaskiyar mutum ta yau, alhali tsohon sakamako halinsa na jiya kawai yake nunawa.

Mu a Arewa muna da ƙarin dalilin da zai hana mu zubar da mai hazaƙa da gaggawa. Jami'ar Legas ta fara koyar da likitancin haƙori tun 1966, amma sai bayan shekara 30 da ɗoriya irin wannan karatu ya iso Maiduguri da Kano. Ga kuma cutar noma mai cin baki da fuskar ƙananan yara, wadda aka buɗe mata asibiti a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2023. Muna bukatar likitoci, amma masu amana.

Don haka muna ba da shawara uku. Ta farko, kowace jami'a ta sa wannan tambaya a takardar ɗaukar ɗalibai, ta kuma nemi bayani daga makarantar da mutum ya baro. Ta biyu, a bambanta laifi da laifi: yaron da ya leƙa takardar na kusa da shi sau ɗaya ba daidai yake da wanda ya yi hayar wani ya zauna masa jarrabawa, ko ya buga takardar shaida ta jabu ba. A duba kuma shekarun da suka wuce da abin da ya yi a cikinsu. Ta uku, wanda ya ɓoye aka gano shi, a sallame shi ko da yana ajin ƙarshe, a kuma sanar da majalisar da ke yi wa likitoci rajista.

Ga shi kansa mai neman karatun, shawararmu gajeriya ce. Ka faɗi abin da ya faru, da shekarar da ya faru, da hukuncin da aka yi maka, kada ka ɗora wa malami ko aboki laifi. Ka kawo shaidar malaman da suka koyar da kai bayan haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gara a ƙi ka yau a kan gaskiya da a kore ka bayan ka ɓata shekara biyar.