Gwanjo Ne? To, Ni Gwanjon Nake Tarawa

A fadarmu, da zarar shayi ya kai zagaye na biyu, sai wani ya jawo maganar katin wayata. Wai na cika shi da waƙoƙi amma na asali ba su kai goma ba, saura duk gwanjo ne, rigar da wani ya sa ya tuɓe. Tunda a baki ba ku bari in kai aya, ga amsata a takarda.

Ƙungiyar da nake so ita ce Kraftwerk, wadda Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa a Düsseldorf ta Jamus a 1970. Kiɗan na'ura ne, sanyi ƙalau, har mutum-mutumi suke tsayarwa a dandali a madadinsu. Abin da nake tarawa kuwa shi ne abin da wasu makaɗa suka yi da waƙoƙinsu.

Da can na ɗauka ƙarar na'urar nake so. Sai na ji faifan Possessed na Balanescu Quartet, na 1992, inda mutum huɗu suka kaɗa "The Model" da "Computer Love" da gogen Turawa. Wallahi ranar na gane ashe akwai kewa kwance cikin waƙoƙin nan, na'ura ce ta lulluɓe ta. Daga baya na samu El Baile Alemán na 2000, aikin Uwe Schmidt, Bajamushen da ya koma Chile ya sa wa kansa suna Señor Coconut. Ya mayar da "Showroom Dummies" kiɗan rawar cha-cha-cha, kuma waƙar ba ta karye ba. Akwai ma 8-Bit Operators na 2007, da aka kaɗa da tsofaffin na'urorin wasa irin su Game Boy. Waƙar da aka raba ta da kayan kiɗanta, aka kai ta wata ƙasa, aka sa mata wata riga, kuma ta tsaya da ƙafarta, ku gaya mini, da mi za a gwada ƙarfinta in ba da wannan ba?

Su kansu Kraftwerk ban ƙyale su ba. A 1982 Afrika Bambaataa ya ɗauki karin "Trans-Europe Express" ya gina "Planet Rock", ya kai sunansu unguwannin Niyok da ba su taɓa mafarkin shiga ba. Amma mutanen nan suka maka Moses Pelham a kotu kan daƙiƙa biyu da ya yanko daga "Metall auf Metall" a 1997, shari'ar ta ci sama da shekara ashirin, har kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kanta a 2019. Daƙiƙa biyu! Ina son kiɗansu, rowar nan ce ba na so.

Ku kuma masu kiran gwanjo, ba ku ne kuke yabon Mamman Sani ba? Kaset ɗinsa na 1978, cikinsa akwai waƙoƙin gargajiyar ƙasarmu da ya ɗauka ya zuba a kan organ. Kun ce masa ɓarawo? A'a. Da yawanku ma sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 kuka san darajarsa.

Na yarda akwai shara. Wasu faya-fayan girmamawa kwaikwayo ne kawai, sauti bayan sauti, babu abin da mai yin ya ƙara sai sunansa. Irin waɗannan ina ji sau ɗaya in goge.

Makon jiya katin ya cika. Na goge "Autobahn" ta asali, mai minti 22, don in samu wurin ajiye ta Señor Coconut. Ta asalin na haddace ta, kuma ko wace waya mai intanet za ta ba ni ita gobe.