ƊINKI DA ADON ƊAKI: A Wanke Yadin Batik Kafin a Yanka Ko Kuwa?

Maganar wannan wata ta masu haɗa ƙyallaye ce su ɗinka zanin gado ko abin rufa, musamman da yadin batik. Shin a wanke yadin kafin a sa masa almakashi, ko a ɗinka shi da sabuntarsa?

Uwargida, mu fara sanin yadin tukuna. Batik sana'a ce da mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya suka shahara da ita, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon al'adun duniya a 2009. Da narkakken kaki ake zana ado a jikin farin yadin auduga, sannan a tsoma a rini. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. A sake shafa kaki, a sake tsomawa a wani launin, daga ƙarshe a dafa yadin kakin ya fita. Atamfar nan tamu ma jikar batik ce, domin Turawan Holan ne suka kwaikwayi aikin da inji a ƙarni na 19, kasuwarta ta zo ta buɗe a Afirka ta Yamma. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafi ragowar atamfofin da ke jibge a jakarki.

Masu cewa kada a wanke suna da hujjarsu. Yadin da aka riga aka dafa ba ya tsukewa sosai, ga saƙarsa a matse, kuma da sabuntarsa ya fi daɗin yanka. Duk gaskiya ne. Amma tsukewa daban, zuba daban. Yadin da ya sha rini sau uku ko huɗu yakan riƙe rarar launi wadda ba ta kama zare ba, tana nan tana jiran ranar da za ta ga ruwa. Ja, shuɗi mai duhu, shunayya da baƙi su suka fi wannan hali. In riga ce mai launi ɗaya, ta zuba a baho, shi ke nan. Amma a haɗin ƙyallaye ja yana maƙwabtaka da fari, ɗinki ɗaya ne tsakaninsu. Ki yi wata biyu kan keke kina haɗa zanin gadon da za a kai ɗakin 'yarki, wankin farko ya mayar da farin ruwan hoda, ina amfani? Ni dai a ganina a wanke, kuma kafin a yanka.

Gwajin ba wuya. Ki yanki ɗan ƙyalle daga bakin yadin, ki jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki ɗora shi kan farin ƙyalle ki bar su su bushe tare. In farin ya ɗauki launi, yadin yana zuba. Ruwa kaɗai ba ya isa shaida, don wani lokaci ruwan kan canza launi amma farin ya fita fes.

Wajen wanki, kowane launi da bokitinsa. Ruwan ɗumi mai yawa, omo kaɗan, ban da bilic. Ki riƙa ɗauraya kina sauya ruwa har ya fito garau. Yadin da ya sha wanki uku bai daina zuba ba, ki cire shi daga aikin, ko ki haɗa shi da masu duhu 'yan uwansa. Ƙananan ƙyallaye kuwa kada ki cuɗa su, zare zai zazzage. Jiƙa su kawai, ki matse a tafin hannu, ki shanya a inuwa, ki goge da sauran danshi. In kina son ƙarfin nan na sabon yadi, ɗan sitati ya wadatar. Kuma in za ki wanke, ki wanke duka har da shafin baya, kada wani ya tsuke wani ya ƙi, ɗinki ya tattare.

To, ina gishiri? Na san iyayenmu sun saba jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri. Aikin gishiri a cikin tukunyar rini yake, lokacin da yake taimaka wa launi ya shiga zare. Bayan yadi ya baro masana'anta, gishiri ba zai liƙa rarar da ba ta kama ba. Jiƙon da ɗaurayar ne suke fitar da ita. Ruwan khal ma haka, na rinin ulu da siliki ne, ba na auduga ba.

A yi hattara da rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Shi baba yakan bar shuni a saman zare, ko a bushe yana shafar abin da ya goga. Ki murza farin ƙyalle a jikinsa ki gani kafin ki haɗa shi da mai haske.

In kuwa an riga an ɗinka, aka wanke ya zuba, kada ki shanya, kada dutsen guga ya taɓa shi. Tun yana jiƙe ki nutsar da shi a babban baho na ruwan zafi da sabulun ruwa, ya kwana a ciki, kina sauya ruwan duk lokacin da ya rine.